Rumfar da Muka Bar wa Ruwa

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina 'yar shekara sha ɗaya, wata ƙungiyar mata ta buɗe aji a ƙauyenmu na bakin tafkin Kainji, arewa da Warra. Malaman makaranta ne da wata ungozoma suka kafa ta, don 'ya'yan masunta mata su iya karatu da ɗinki. Suka aiko mana Malama, 'yar birnin Sakkwato, siririya mai tabarau, wadda ko jirgin ruwa ba ta taɓa shiga ba.

Baba ya ba ni shekara ɗaya. In na iya karanta masa wasiƙar yayana soja, in ci gaba. In ban iya ba, in koma bandar kifi wurin Inna.

Malama ta zagaya, ta zaɓi wani fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ta ce nan za a kafa rumfa. Kaina ya ɗaure. Ko akuyar garinmu ta san filin nan makwancin ruwa ne: da bazara ya ja baya mu dasa albasa, ƙarshen damina ya dawo abinsa. Amma mai gari ya gyaɗa kai, maza suka kawo itace, mata har da yin daɓe.

Na tambayi Inna. Ta ce, "Ke za ki gyara ma masu mota da takarda? Wataƙila sun gama magana da masu dam."

Na ɗauka haka ne, an rubuta wa ruwa takarda. Duk da haka kowace safiya sai na leƙa gaɓa, in ga ya ƙara matsowa. To ko takardar ba ta iso ba? Sau biyu na ɗaga hannu a aji zan faɗa, da Malama ta dube ni ta saman tabarau sai in ce fitsari nake ji.

Malama ta tafi gida hutu na mako uku. Ranar da ta dawo, jinkar rumfar kawai ake hange, belbela biyu a kai. Allo da keken ɗinki dai mun kwashe. Ta daɗe tsaye, sannan ta juyo, a kaina idonta ya sauka.

"Kun san haka za a yi? Don mi ba ku hwaɗa mani ba?"

Na ce, "Mun zaci kun sani."

Ta zauna a ƙasa da sabon zanenta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ban gane ko laifin wa ne ba. Mai gari cewa ya yi ba a kushe kyautar baƙo.

Ƙungiya ta mai da ajin Warra, kan tudu, inda ƙafata ba ta kaiwa. Wasiƙa ta zo, na haɗa baƙi da ƙyar na karanta "Gaisuwa mai yawa", na tsaya cik. Baba bai yi faɗa ba, ya dai ninke ta ya sa aljihu. Na koma banda. Sai da na haifi 'ya'ya biyu na ƙarasa karatuna, a ajin manya na ƙungiyar nan, daga baya suka ɗauke ni aiki.

Duk ƙauyen da aka tura ni buɗe aji, nakan gaida mai gari yadda ya kamata. Sannan in nemi yarinyar da ta fi kowa shiru, in ja ta gefe, in ce ta nuna mini inda ruwa yake tsayawa.