Laujen hagu na Inna

Jiya muna shan jabana, wato gahawa, da Inna, sai ƙanwata da ke karatu a Holand ta turo hoton wani tsohon zanen mutanen can: maƙerin tatsuniya yana dukan ƙarfe, matarsa na tsaye a kansa.

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Me yake ƙera mata?"

Na ce, "Wai kayan yaƙi, Inna."

Ta taɓe baki. "Ni lauje babanku ya ƙera mini. Ya gan ni a garin Hawata ina yankan riɗi da hagu, hannuna duk ya yi kanta. Bai taɓa cewa yana sona ba, bakin laujen kawai ya juya mini don ya dace da hannun hagu."

Allah ya jiƙan Baba. Laujen yana nan ƙarƙashin gadonta.

Ku fa, wa ya taɓa juya muku bakin lauje?