Burodin 'Yan Aji Huɗu

Malama Bintu Modu ba ta iya ɓoye fushi, in ranta ya ɓaci ko makaho ya sani. 'Yar Bama ce, mahaifinta mai gidan burodi. Shekarar da aka tarwatsa garinsu ta iso Jimeta da zani ɗaya, ta yi wata da watanni a sansani tana bin layi. A miƙa mata bokiti, a ce ta yi godiya tana kallon mai ɗaukar hoto. Tun daga nan ta tsani godiyar dole.

Ta daɗe tana koyarwa a wata firamare a matsayin malamar wucin gadi. Kullum hedimasta, Malam Mu'tasim, romon baka yake mata, wai takardar ɗaukarta aiki na nan tafe.

Bana ta ce 'yan aji huɗu za su gasa burodi. Babu tanderu, sai ta koya musu dabarar tukunya: yashin Binuwai a ƙasa, gwangwanin kwaɓi a kai, garwashi bisa murfi. Iyaye suka kawo fulawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Ta gauraya yaran, Khairat da iyayenta suka gudo daga Gwoza na murza, Zadok ɗan Girei na fifita wuta. Gashin farko ya ƙone ƙurmus, suka yi ta nuna juna da yatsa, ta ce ba mai fita hutun tara sai sun kankare tukunyar tare. Da suka ƙware, ta ce su zaɓi wanda za su gode wa da burodin. Suka zaɓi Bappa Haladu mai tura ruwa, wanda ke ɗora su a kurarsa da damina ya tsallakar da su kwatar bakin makaranta.

Ranar kai burodin sai ga hedimasta da baƙo daga wata ƙungiyar agaji, da kyamara a wuya. Hedimasta ya ce a ware 'yan gudun hijira, su cire takalma, su riƙe burodi su gode wa ƙungiyar. Ƙungiyar da ko cokalin sukari ba ta kawo ba. Yaran kuwa a Jimetan nan aka yanke musu cibi.

"Ranka ya daɗe, ba ɗan gudun hijira a ajina," in ji ta. "Kuma burodin nan da mai shi."

"Malama, ki tuna takardanki yana hannuna," in ji hedimasta, ƙasa-ƙasa.

Ta tuna sarai. Ta ɗora wa Khairat farantin a ka, ta sa yaran gaba suka fice ta gaban baƙon. Bappa Haladu ya yi ta goge hannu a riga kafin ya karɓa, ya raba musu rabi suka ci tare a gindin kurar.

Ran Litinin aka ce ba a bukatarta. Ta shiga ofis ɗaukar tukunyarta, sai ta ga hoto manne a bango. Ashe bayan fitarta an sayo burodin shago, an kwaso 'yan aji biyu. A tsakiyarsu autanta Bilal ne, an cire masa takalmin da ta saya masa da sallah, yana ta washe baki don an ce zai fito a hoto.