Jif Ɗin da Ke Ja Hagu

Baba Direba a bayan sitiyarin gida ɗaya ya tsufa. Shi ya yi ta kai yaran gidan makaranta, har ya zo yana kai 'ya'yansu. Ko fenti bai taɓa gogewa a motarsu ba, amma a ƙarshe ɓarawon taya aka kira shi. Wasu mutanen wallahi ba su da ta ido.

Abin ya faro ne ranar da babban ɗan gidan ya ari jif ɗin mahaifiyarsa, ya auka rami da gudu, ya dawo ya ajiye makulli ya ja bakinsa. Tun daga nan motar ta fara ja hagu. Baba ya gaya wa Hajiya ƙafafun gaba sun goce, a kai ta wurin masu saiti.

"Ni ban ji komai ba," in ji ta. "Lafiya lau take tafiya."

To ina za ta ji? Tsohon ne ke danne sitiyari da ƙarfin kafaɗarsa, mota na ja yana maido ta, Hajiya na baya tana gyangyaɗi. In ya koma gida matarsa ta gasa masa kafaɗar da ruwan zafi tana mita: "Malam, kai ne saitin? Sai ta karya ka tukuna?"

Taya kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Sababbin da aka sa a gaba suka cinye ta gefe guda har waya ta leƙo. Aka sake wasu, suka bi sahu. Nan ɗan ya ce ai shi ya gano, Baba ne ke cire sababbi ya sayar, ya ɗaura tsofaffi. Hajiya kuwa sai ta koma zagaya mota tana duban ƙafafunta kafin ta shiga. Wannan kallon ya fi zagi ciwo.

Wata safiya, a miƙaƙƙen titi ba kowa, Baba ya rage gudu.

"Hajiya, don Allah dubi gabanki."

Ya saki sitiyari. Jif ta sulale hagu kamar an kira ta, sai da ta haura layin tsakiya ya cafke ta.

"Innalillahi! Kashe ni za ka yi?"

"A'a, ranki ya daɗe. Abin da nake riƙewa kullum ke nan."

Ta gani sarai. Amma cewa tsoho ya fara ruɗewa ya fi mata sauƙi a kan ta ƙaryata ɗanta. Kafin yamma an karɓi makulli daga hannun Baba. Washegari aka lallaɓa da motar wurin saiti, ba wanda ya taka ya ba shi haƙuri.

Da ya shigo gida hannu rabbana, matarsa ta dube shi ta gane.

"Me suka ce ka yi?"

Ya zauna a bakin gado yana cire takalmi.

"Tsufa suka ce. Ba su ce sata ba. Zubo min abinci."