Hannun Kawu a Cikin Kwamfuta

Kawuna ya yi shekaru yana rubutun fenti. Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, babu motar kaya ko allon shago da bai taɓa ba. Ina jin ko jaki ya tsaya kusa da shi sai ya rubuta masa suna a gindi. Da tsufa ya zo, hannun ya fara rawa, ya ajiye buroshi ya koma gida Kebbe.

Ni kuwa ina da ɗan shagon buga katin biki da bana, wato ƙyallen talla, a Tambuwal. Wata damina na hau babur na bi Jabo da ƙauyuka ina ɗaukar hoton tsofaffin allunansa, na zana haruffan ɗaya bayan ɗaya, na mai da su font, wato zubin haruffan da kwamfuta ke rubutu da shi. Don aikin ya yi sauri, wani tsohon font na buɗe na ɗora na Kawu a kai, sunan ma ban canja ba.

Sai autarsa, taubashiyata, za ta buɗe shagon ɗinki. Tun tana yarinya ya yi mata alkawarin shi zai rubuta mata allo. Na je Kebbe da kwamfuta, inda sabis sai ka hau bishiya ka yi addu'a, na nuna masa sunan shagon da haruffansa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wanga hannuna na."

Na koma Tambuwal na buga, na naɗe ban duba ba, na kawo ina taƙama kamar na ƙera jirgi. Muka warware bana a tsakar gida. Haruffa ne tsaf, sumul, baƙi, ba na Kawu ba.

"Mai ƙaton ciki," in ji taubashiyata, "hannun Baban ka cinye a hanya?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, "Ba komi. Wanga ya fi nawa kyau. A rataya shi." Ya tura hannunsa cikin aljihu.

Ban bari an rataya ba. A shago na yi ta kokawa da kwamfuta har gumi ya kusa ɗaukar firinta. Can na lura: in na kashe data, rubutun Kawu ya dawo, in na kunna, ya ɓace. Ashe cikin haruffan hayar da nake biya wata-wata, masu saukowa ta intanet, akwai mai suna ɗaya da wanda na ara. Suna biyu iri ɗaya a gida ɗaya, da an kira sai baƙon ya riga amsawa. Na shiga jerin na haya na kashe shi, na raɗa wa nawa sunan Kawu, na rufe manhajar na sake buɗewa. Na kunna data na kashe har maƙwabcina mai shayi ya leƙo ko lafiya. Kawu bai motsa ba.

Ranar buɗe shago muka ɗaure sabuwar bana. Kawu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa ta.

"Kai, ɗan nema," ya ce, "ka manta layin ƙasa. Ni ban barin suna ba wurin zama."

"Kawu, kwamfuta na iya..."

"Kawo fenti."

Aka samo ragowar ja wurin mai walda. Buroshin na rawa a hannunsa, fenti na ɗiga a takalmina. Autar ta ajiye almakashi, ta zo ta riƙe masa wuyan hannu da hannu biyu.

"Baba, ja, ina riƙe."

Suka ja tare. Layin ya fita a karkace, ya yi tudu a tsakiya. Ta ce duk wanda ya gyara shi, ita da shi ne.