Tukunyar Uwargida Kinue Ta Rasa Hannu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli na wannan shekara, da hantsi, Uwargida Kinue Narusawa, mai masaukin Narusawa da ke kan tsohuwar hanyar fatake a garin Narai, ta bar duniya tana da shekara saba'in da shida. Ni, Masakichi Gonda, mai kula da takalman baƙi a zauren wannan masauki, ni ne mutum na ƙarshe da ta yi wa magana. Saboda haka na ga ya wajaba a kaina in rubuta ta'aziyyarta da hannuna. Na san akwai waɗanda suka fi ni iya jera haruffa, amma ba na jin akwai wanda ya fi ni sanin abin da za a jera.

Uwargida, ga yadda abin ya faru, domin waɗanda ba su gani ba. Kin rako baƙi biyu, mata da miji, har bakin ƙofa. Na ajiye musu takalmansu, suka sa, suka fita. Kika rusuna kamar kullum, ba za ki ɗago ba sai baƙo ya sha kwana wajen kwamin ruwan da ke ƙarshen layi. Su kuwa ba su yi sauri ba, suna tafe suna ɗaukar hoton rufin gidaje. Ke kuma kina nan a rusune. Da suka ɓace, sai kika ce, ba tare da kin ɗago ba, "Masa, sun sha kwana?" Na ce sun sha. Kika ce, "To, riƙe ni." Na riƙe ki. Kafin likita ya iso, babu sauran abin da likita zai yi.

Na shigo gidan nan ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, maraya tun zamanin yaƙi, ba abin da na sani sai ɗaukar katako a daji. Kika ba ni zaure. Wasu suna ganin aikin takalma ƙaramin aiki ne. Ni ban taɓa ganinsa haka ba, ke ma ba ki taɓa ba. Baƙo yana tuɓe takalminsa a hannuna ne kafin ya taka tabarmar gidan, a hannuna kuma yake karɓarsa ranar tafiya. Ni ne farkon masauki, ni ne ƙarshensa. Ban taɓa miƙa wa wani takalmin wani ba. Shi ya sa kika sa mini suna Sarkin Takalma, na kuma amsa, domin na ga sunan bai yi mini yawa ba.

Ke kika gano ban iya karatu ba, bayan na daɗe ina ɓoyewa. Wata rana aka kawo ƙunshi daga gidan waya, kika ce in duba na wane baƙo ne, na riƙe shi kansa a ƙasa ina gyaran murya. Kika rufa mini asiri a gaban ma'aikata. Sai da gida ya yi shiru kika kawo mini shayi a zaure kika ce, "Sarki ba ya mulki ba alƙalami. Akwai ajin manya da yamma a garin gaba. Za ka je." Na ce na haura sittin, kan ya riga ya bushe. Kika ce, "Busasshen itace ai shi ya fi kama wuta." Ranakun da nake aji ke kike zama a zaurena. Zan faɗa a nan, ba don rage miki daraja ba, cewa a makon farko kin ba wani likitan haƙori takalmin wani mai sayar da rigunan kimono. Da na dawo kika rusuna mini har ƙasa kika ce, "Ranka ya daɗe, karɓi sarautarka, ta fi ƙarfina." Wannan rubutu da nake yi yau, kowane harafi a cikinsa naki ne.

Akwai wani abu da kika koya mini wanda ba a aji ake koyonsa ba. Wani hunturu, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, wani mutum ya shigo shi kaɗai, ba jaka, ba laima, takalminsa irin na ofis ya jiƙe sharkaf. Ya tambayi hanyar da ake bi a hau dutse. Duk wanda ya daɗe a masauki ya san irin wannan baƙo, mai hawa dutse ba da niyyar saukowa da rai ba. Na same ki a baranda na ce zan ɓoye takalminsa, in ce bai bushe ba, don kada ya fita. Kika girgiza kai. Kika ce, "Masa, ba a riƙe mutum da takalminsa. Ka busar, ka goge, ka juya bakinsu waje, ya gani da idonsa cewa ba a tsare shi ba. Sauran kuma aikin karin kumallo ne." Da safe kika kai masa tire da kanki, shinkafa da miya da gasasshen kifin rafi, da yankan gauta mai tsami daga tukunyarki. Ya ci gautar, sannan ya tambaya ko akwai ƙari. Ya sa takalminsa, ya nufi tashar jirgin ƙasa, bai nufi dutse ba. Tun daga lokacin duk shekara yana zuwa. Ya zo jana'izarki, ya ƙona miki turare, ya yi kuka kamar yaro.

Yanzu dole in yi maganar tukunyar, domin ita ta hana ni cin abinci tun da aka ƙona gawarki bisa al'adarmu, muka dawo da tokarki gida.

Kowa a layinmu ya san ta. Babbar tukunyar ƙasa ce a ɗakin ajiya, bayan madafa, cike da dusar shinkafa da gishiri, a cikinta ake binne kokwamba da gauta da karas su yi tsami. Kakar mijinki ce ta zo da ita ranar aurenta. Dusar nan rayayyiya ce. Kullum sai an tura hannu har ƙasa an juya ta ta sha iska, in ba haka ba ta yi fumfuna ta mutu, kuma a zafin bazara ba ta da haƙuri ko kaɗan. A gidan Narusawa hannu ɗaya ne ke shiga cikinta, hannun uwargida. Ke kika ba ni labarin ranar da surukarki ta kama tsintsiyar hannunki ta nutsa shi a ciki, daga ranar kuma makullan gida suka koma ɗamararki. Wadda ta sa hannu a tukunya ta karɓi gida ke nan. Saboda tukunyar nan ba ki taɓa kwana a wani gari ba tun da kika zama uwargida.

Da aka gama zaman makoki, ni da Heisuke mai dafa abinci muka shiga ɗakin ajiya. Ya ɗaga murfin. Saman dusar ya yi fari-fari, warin kuma ya fara juyawa.

Na ce, "Heisuke, kai ne mutumin madafa. Sa hannu mana."

Ya ce, "Ni? Ka ga na yi maka kama da uwargida? In na sa hannu gobe ka fara rusuna mini ke nan. Kai da ka yi karatu, Sarkin Takalma, rubuta mata takarda ka ce ta yi haƙuri."

Na ce, "Da ludayi fa?"

Ya kalle ni kamar na zagi kakarsa. Ya ce, "Ludayi! Tsohon nan karatu ya taɓa maka kai. Wadda ta saba da hannu shekara ɗari za ka zungura da itace?"

Muka mayar da murfin. Maza biyu, masu hannu huɗu lafiyayyu, muka tsaya a kan tukunya muna kallonta kamar masu jinyar da aka hana su taɓa majinyaci. Baƙon da ba ɗan gari ba zai ce wauta ce. Mai yiwuwa. Amma ni ban iya ba, Heisuke bai iya ba, matan da ke shimfiɗa wa baƙi ma ko ƙofar ɗakin ba sa yarda su bi.

Hannu ɗaya ya rage a duniya da ke da izini, na 'yarki Chizuru, wadda ba ki da wata sai ita. Ta zo daga Nagoya, inda take aiki, inda mijinta da ɗanta suke. Ta yi duk abin da ya kamaci 'ya. Ta tarbi masu gaisuwa, ta zauna gaban malamin haikali, ta rusuna har bayanta ya gaji. Amma duk lokacin da za ta wuce ɗakin ajiya sai ta ƙara sauri.

Jiya na same ta a baranda tana ninke kayanki. Na durƙusa yadda ya dace, na tsara maganata a zuciya tun kafin in buɗe baki, na ce, "Ƙaramar uwargida, tukunya tana jira."

Ta ce, "Kawu Masa, kada ka kira ni haka. Kai ka goya ni a zauren nan, Chizuru nake."

Na ce, "Chizuru, in ta mutu, baƙi za su ji a bakinsu tun safiyar farko. Abin da ke dawo da su ke nan."

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta ce, "Ka san ranar da na haifi ɗana? Mahaifiyata ta zo asibiti da jirgin safe, ta riƙe hannuna. Da yamma ta yi, naƙuda ta tsananta, sai na ga tana duba agogo. Ta ce jirgin ƙarshe zai wuce ta. Ta bar ni a kan gado ta dawo wa dusa, Kawu. Ni da tukunyar nan tare muka tashi, ita ce 'yar gaban goshi. Yanzu kuma ka ce in ba ta hannuna?"

Uwargida, gaskiya ta faɗa. Na tuna daren nan. Na tuna kin dawo idanunki sun kumbura, kin wuce kai tsaye zuwa ɗakin ajiya, ko takalmi ba ki jira na karɓa ba. Ban gaya mata ba, domin na ga ba zai biya ta komai ba.

Yau da safe ta ce za ta koma. Takalminta yana kan kantata, baƙi, mai ɗan tsini. Ba zan ɓoye miki ba, na daɗe ina kallonsa. Jirgin da ke tsayawa a tasharmu ba shi da yawa, in ta rasa na safe sai na rana, kuma tsakanin safe da rana zuciya tana iya juyawa. Ikon da nake da shi a duniya bai wuce wannan kanta ba. Amma na ji muryarki. Na goge shi, na ajiye a kan dutsen zaure, na juya bakinsa waje.

Ta fito da jakarta. Ta zauna a bakin dakali, na miƙa mata cokalin sa takalmi. Da ta miƙo hannun dama ta karɓa, sai na ji warin. Gishiri da dusa da tsami, warin da na sani a hannunki kullum safiya. Na duba, ga dusa a ƙarƙashin farcenta, hannun rigarta a naɗe har gwiwar hannu.

Ta ga na gani. Ta ce, "Na kwashe farin saman, na juya ta har ƙasa. Ba ta mutu ba. Kada ka kalle ni haka, Kawu, sau ɗaya ne. Ban yi alkawarin komai ba."

Na ce, "Gobe fa?"

Ta sa takalminta ta miƙe. Ta ce, "Ranar Asabar ba ni da aiki. Wataƙila."

Na so in ce mata tukunya ba ta san Asabar ba, amma ba aikin mai takalma ba ne ya tsawaita maganar baƙo a bakin ƙofa. Babu wanda zai raka ta, sai na fita na tsaya a inda kike tsayawa, na rusuna. Ban ɗago ba sai da na daina jin tafiyarta, saboda haka ban sani ba ko ta waiwayo a wajen kwamin ruwa.

Yanzu ga mu. Bisa al'adar gidan nan ta karɓi gida, bisa maganar bakinta ba ta karɓa ba. Heisuke ya jiƙa tsumma da ruwan sanyi ya naɗe wa tukunyar ciki don ta rage jin zafi, ni kuma na buɗe ƙaramar tagar ɗakin. Iyakar abin da aka yarda mana ke nan. Rana tana ta ƙara zafi, Asabar kuma da nisa.

Uwargida, Allah ya jiƙan ki, ya sassauta miki hanyar da kike kai, ya sa ki sami mai tarbarki a can kamar yadda kika tarbi mutane a nan, ya karɓi gajiyarki ya ba ki hutun da ba ki taɓa ba kanki ba. Inda kika fifita gida a kan jininki, ya yafe miki, ya sa 'yarki ta yafe. Ina miƙa ta'aziyyata ga Chizuru da mijinta da ɗanta, da dangin Narusawa na kusa da na nesa, da Heisuke da sauran ma'aikata, da baƙin da suka saba kwana a ƙarƙashin wannan rufi. Allah ya ba mu haƙurin rashinki baki ɗaya.

Takalminki na katako yana kan kantata. Na goge shi. Na rasa inda zan juya bakinsa, sai na bar shi yana kallon cikin gida.