Cokali Biyu Maimakon Huɗu

'Yar yayata ta zo duniya da wata cutar gado da ba a cika gani ba. Cikinta ba ya karɓar komai sai wata madarar gwangwani mai tsada, wadda ta cinye shinkafar da mahaifinta ya noma a Argungu.

Ni na raka su asibiti a Birnin Kebbi. Sikeli ya nuna yarinyar ta rame, likita ya tambaya cokali nawa ake zuba mata.

"Biyu," in ji yayata.

"Hajiya, ai huɗu na ce."

Ashe ruwa take ƙarawa, yadda muke yi wa kunu idan baƙi sun zo.

"Likita, in na zuba huɗu, mi za ta sha ƙarshen wata?"