Ranar da na kai shaidun tuba ofishin inshora

Ɗana na biyu ya taɓa shan giya, ya kuma tuƙa mota da ita a cikinsa. Ban taɓa ɓoye wa kowa ba, don unguwarmu Karantina duka ta sani. Yana saurayi a lokacin, ya faɗa hannun abokan banza masu dafa ta a ɓoye. 'Yan sanda suka tare shi da rana tsaka a hanyar Nuzla, ko kyanwa bai taka ba. Alƙali ya yanke hukunci, ya yi zamansa a kurkuku, aka riƙe lasinsa, daga baya aka mayar masa. Da ubansa, Allah ya jiƙansa, bai samo mana takardar zama 'yan ƙasa ba, da tuni an sa shi a jirgi an kore shi daga ƙasar. Ya fito ya tuba, ya yi aure. Yau ga furfura a gemunsa.

A wani kamfanin raba ruwan sha yake aiki, ɗaukar katan-katan. Shekaru suka ci masa baya, har likita ya ce in bai bar ɗaukar kaya ba wata rana ba zai miƙe ba. Ana nan sai direbansu ya koma ƙasarsu, mudir, wato shugaban wurin, ya ce ɗana za a ba motar. Har na dafa shinkafa na raba wa maƙwabta. Sai mudir ya sake kiransa, wai masu inshora sun duba baya sun ga tsohon hukuncin. Ko su ƙi sa sunansa a motar aiki, ko kamfani ya biya abin da mudir ya ce ba zai biya ba.

To ni na san yadda ake wanke mutum. A unguwarmu in yaro ya yi laifi ya gyaru, dattawa ake ɗauka a je gaban mai riƙe da maganar, a zauna, a ba da shaida, a ce ya duba girman furfura. Sau nawa na yi wa 'ya'yan wasu, ba a taɓa mayar da ni hannu wofi ba. Sai dai an rushe Karantina, dattawan sun watse. Na bi sawu har na samo limaminmu a gidan 'yarsa, tsohon mai unguwa kuma a wajen unguwar Hindawiyya, ƙafa ta kumbura amma ya ce zai je.

Ɗana ya yi ta roƙona in bari. Ya ce, “Ummi, ba mutum ba ne fa, kwamfuta ce.” Na ce ita ma kwamfutar ai tana da mai ita. Na sa abayata ta zuwa biki, na zuba goro da dabino a kwano, ya kwashe mu a 'yar motarsa.

Wani saurayi muka tarar a bayan gilashi. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da ladabi, shi ya sa aka kawo mana kujeru. Liman ya shaida cewa tun fitowar yaron nan sahun gaba yake sallar asuba. Mai unguwa ya ce ko ƙarar tsaki ba a taɓa kawo masa a kansa ba. Saurayin ya saurara har ƙarshe, bai rubuta komai ba. Ya ce duk ya yarda, amma babu gurbin da zai shigar da wannan magana. Na ce ya kira babbansa. Ya ce babban yana Riyad, kuma abin da ke cikin kwamfutar nan shi ma yake kallo.

Sai na tambaye shi motar da ta kawo mu, inshorar wa ke kanta. Ya danna, ya ce tasu ce.

Na ce, “Wato kun yarda ya ɗauki uwarsa da liman da mai unguwa, amma ba ku yarda ya ɗauki ruwan gora ba?”

Ya kira ni inna da Larabci, ya ce, “Wallahi ya khala, motar aiki dokarta daban.”

Na tura masa kwanon ta ƙarƙashin gilashi, don ba a zuwa ban-haƙuri a koma da goro. Ya turo mini abina, wai an hana su karɓa. Wannan ta fi komai ƙona mini rai. Tsofaffi biyu sun tako da sanda, an mayar musu da shaida, an mayar musu da goro. A mota liman ya ɓare goro ɗaya ya miƙa wa ɗana.

Wani aka ba motar. Ɗana yana nan yana ɗaukar katan, da yamma matarsa ta shafa masa man zafi. Shi ya ce halas, magana ta ƙare, ya bar wa Allah. Ni ban bari ba. Duk ranar da zai kai ni asibiti ta gaban ofishin nan muke bi, ina zaune a gefensa ina kallon yadda yake riƙe sitiyari da hannu biyu, in mun iso ƙofarsu in ce ya rage gudu su gan mu.